PCC ko kit ɗin saka fistol: kurakuran da masu saye ke yi a Amurka

Wannan magana ta ƴan uwanmu ce da ke zaune a Amurka waɗanda doka ta ba su damar mallakar bindiga, don a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa, to can babu ma zancen zaɓi. A Amurka kuwa mutum zai tsaya a shago yana duban abu biyu: doguwar bindiga mai cin harsashin fistol, wato PCC, irin su Ruger PC Carbine ko Kel-Tec SUB2000, da kuma kit irin su MCK na kamfanin CAA ko KPOS na FAB Defense, wanda gida ne kawai na roba ko ƙarfe da kake zura fistol ɗinka, kamar Glock, a ciki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton kit yana mayar da fistol doguwar bindiga. Wallahi ba ya yi. Bututun Glock 19 inci 4 ne da ɗan ɗoriya kafin ka sa shi a kit, bayan ka sa shi ma inci 4 ne ɗin nan, harsashi zai fita da gudun da ya saba, kunamar ma ita ce dai wadda ka sani. Abin da kit ke ba ka shi ne riƙo mai kyau da wurin ɗora madubin saiti, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hannunsa ke rawa, amma bututu mai inci 16 na PCC shi ke ƙara wa harsashin 9mm gudu, kuma shi ke sa ka riƙa samun abin da ka nufa a yadi 50 zuwa 100 ba tare da wahala ba. Ka tambayi kanka nisan da kake harbi tukuna, in yadi 15 ne a filin koyo na cikin gini to kit zai iya isarka, in ya wuce haka ka nemi PCC.

Sai doka, kuma nan ne hankalina ya fi tashi domin mutumin kirki na iya jefa kansa a laifin tarayya da hannunsa bai sani ba. A dokar makamai ta tarayya, wato NFA ta 1934, duk bindigar raifil da ake kafawa a kafaɗa mai bututu ƙasa da inci 16 sunanta SBR, dole a yi mata rajista a ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Kenan in ka ɗaura wa fistol kit mai gindin kafaɗa ka ƙera SBR kenan, kuma sai Form 1 ɗinka, wato takardar neman izinin ƙera ta, ya fito da amincewa kafin ka haɗa su, ba bayan ka haɗa ba, hukuncin yana iya kaiwa shekara 10 a gidan yari. Wasu sun ji an ce harajin dala 200 na wannan rajista ya koma sifili tun Janairun 2026 sai suka ɗauka rajistar ma ta tafi, alhali kuɗin ne kawai aka cire. Haka mariƙin gaba mai tsaye, wanda mutane ke sawa don ya yi kyau a hoto, shi ma yana canza wa fistol matsayi a doka. Shi kuma abin ɗaurin hannu da suke kira bires, ATF ta fitar da ƙa'ida a kansa a 2023, kotun tarayya a Texas ta soke ta a 2024, ka ga abu ne da ke juyawa, don haka ka duba matsayinsa ranar da za ka saya, ka kuma duba dokar jiharka daban domin Kalifoniya da New York ba irin Texas ba ne. PCC mai inci 16 ta fi sauƙin sha'ani a dokar tarayya, ko da yake wasu jihohin suna da nasu takunkumin a kanta.

Akwai masu sayen kit don a ganinsu jifa ɗaya tsuntsu biyu, fistol da rana, doguwa da dare. Matsalar ita ce madubin saitin yana kan kit ne ba kan fistol ba, duk sanda ka zare ka mayar saiti na iya gocewa kaɗan, kuma muddin tana cikin kit ba ka da fistol a hannu. In ka zaɓi kit to ka ware masa fistol guda ta zauna a ciki, ka gwada saiti duk lokacin da ka cire ta don gogewa. Ka kuma tabbatar kit ɗin na samfurin fistol ɗinka ne da janareshan ɗinsa, wato zubin ƙirarsa, ba kowane Glock ke shiga kowane MCK ba.

Masu PCC ma suna da nasu. Da yawa suna saye ba su duba magazin, wato gidan harsashi, ba, alhali daɗin abin shi ne ta ci magazin ɗin fistol ɗinka, Ruger tana zuwa da abin canzawa don karɓar na Glock, ita SUB2000 tun wurin saye kake zaɓar irin wanda za ta ci. Suna kuma zaton ba ta da bugun baya in an harba sam, amma yawancinsu ƙarfe mai nauyi ne ke kai komo a ciki, za ka ji shi a kafaɗa, ita Ruger ɗin ma ta kusa fam 7. Ka je filin da ake ba da haya ka harba duka biyun kafin ka zaro kati, ka kuma lissafa kuɗin kit da madubi da igiyar ratayawa gaba ɗaya, sau da yawa za ka ga sun kusa kuɗin SUB2000 sabuwa. Ko wacce ka ɗauka ka saka kuɗin akwatin kulle a lissafin tun ranar farko, ka auna tsawonta, domin ƙaramin akwatin fistol da kake da shi ba zai ɗauki ko ɗaya cikinsu ba, kuma gidajenmu ba sa rabuwa da yara.