Yadda za ka zaɓi hannun gem mai ƙarko

Na farko ɗan'uwa, in ka shiga Circle, kasuwar wayoyi da kayan lantarki ta Accra, kar ka biya yana cikin kwali, ka ce a buɗe. Tambayi ko sandar analog ɗin, wato 'yar sandar da kake juyawa da babban yatsa, Hall effect ce, mai aiki da maganaɗisu, ba abin da ke gogar wani a ciki, su kuwa na da ɗin nan gogayya ke cinye su har ɗan wasanka ya riƙa tafiya shi kaɗai. Kamfanonin GuliKit da 8BitDo suna da mai Hall effect ɗin.

Na biyu a jona a kwamfuta, buɗe joy.cpl, wato wurin gwada hannun gem a Windows, juya sandar a hankali ka saki. Alamar da ke bin sandar a allo ta dawo tsakiya ta tsaya cak, in tana rawa wallahi ajiye musu kayansu.

Sai ka danna maɓallai duka, kuma ɗauki mai wayar USB-C da ake cirewa, ko ta tsinke canjawa kawai za ka yi.