Yadda ake jinyar gyambo a ƙafar mai tundurmi

Ƙafar da tundurmi ya kumbura ba ta saurin warkewa, domin ruwan da ya taru a cikinta yana ba ƙwayoyin cuta wurin zama. Mai jinya ya fara wanke hannu ya sa safar roba, sannan ya wanke ƙafar da sabulu da ruwa mai tsabta sau 2 a rana, ya tsane ta da kyau, musamman tsakanin yatsu da cikin ninkin fata, inda danshi yake ɓuya. Gyambon kansa da ruwan gishirin asibiti ake wanke shi, a rufe da bandeji mai tsotse mugunya, a canza da zarar ya jiƙe. Har yanzu wasu suna barbaɗa toka ko garin ganye a kai, kuma wannan ƙara ruɓa yake yi.

A ɗaga ƙafar bisa matashi lokacin kwanciya. Idan zazzaɓi ya taso, ko ƙafar ta yi ja da zafi, ko kaluluwa ta fito, a daina ɗaure ta da bandeji mai matsewa, a kai majinyacin asibiti kamar Komfo Anokye da ke Kumasi a ranar, domin likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta.