Zana Mutum a Wayar Hannu: A Gina Jiki Kafin a Sa Masa Riga

Yawancin masu koyon zane a garuruwanmu da riga suke farawa. Sai mutum ya ja ƙatuwar babbar riga, ya ɗora kai a sama, ya saƙalo ƙafafu a ƙasa, sannan ya yi ta mamakin yadda hoton ya ƙi tsayuwa. Dalili shi ne babu jiki a cikin rigar. Suturarmu tana rufe mutum ruf, amma duk wani ninki da ka gani a jikinta, kafaɗa ce ko gwiwa ko ƙugu suka jawo shi. Don haka tsarin da za mu bi shi ne a gina mutumin tukuna, kaya su biyo baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Wayar Tecno, Infinix ko itel ta isa, ko da ƙwaƙwalwar aikinta giga 2 ce, sai dai mai giga 3 ko 4 ta fi sakewa. Manhajar da ta fi dacewa da ƙaramar waya ita ce ibis Paint X, ta wani kamfanin Japan, wadda ta fara fitowa a 2011. Kyauta ce, kuma in ka sauke ta a inda sabis ke da ƙarfi, za ka yi ta zane a gida ba tare da data ba. Akwai Sketchbook, akwai Krita ga mai kwamfuta, amma bayanin nan a kan ibis Paint aka gina shi. Wasu buroshinta a kulle suke, ana buɗe su na wasu awanni idan aka kalli talla. Kada wannan ya ɗauke maka hankali, biyu kawai kake buƙata: fensir, da alƙalamin da aka rubuta Dip Pen mai tauri.

Da yatsa ma ana zane, illarsa ita ce yana rufe inda layi ke fita. In babu alƙalamin waya na kasuwa, haɗa naka. Samo kwankon biro da ya ƙare, ka yanke audugar goge kunne gida biyu, ka cusa rabi a bakin biron, ka naɗe kwankon da takardar alminiyam har ta taɓa audugar. Ɗan jiƙa kan audugar, jiƙawa kaɗan, ba ruwa na ɗiga ba. Fuskar waya da ɗan lantarkin jikin mutum take aiki, shi ya sa dole yatsunka su kasance a kan alminiyam ɗin. In layi ya fara tsinkewa, ko audugar ta bushe ko takardar ta rabu da ita. Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin da tsumma mai laushi kafin a fara, domin ƙurar da ta kwanta tana karce shi. Gefen tafin hannu kuma yakan bar ɗigo-ɗigo a zane, maganinsa tsohuwar safa da aka huda wa ƙofar yatsu uku.

Girman shafi shi ne abin da za ka fara yanke shawara a kai, domin gyara shi daga baya yakan ɓata zane. Hoton Facebook ko Instagram, fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1080 a faɗi da 1350 a tsawo ya wadatar. Wanda za a buga a takarda A4 yana son 2480 da 3508, to amma wannan nauyi ne ga ƙaramar waya: za ta riƙa sanƙarewa, kuma manhajar za ta rage yawan leyar da za ka iya buɗewa. A5, wato 1748 da 2480, shi ne tsaka-tsaki. Ƙaramin shafi in aka ja shi ya girma, layukansa dishi-dishi suke zama.

Leya tamkar farar leda ce da ake ganin abin da ke bayanta, an jera su ɗaya kan ɗaya. Ka yi zane a kan wannan, ka goge, ta ƙasa ba ta sani ba. Aikinmu zai ci kamar shida.

Kafin ka taɓa wayar, san wanda za ka zana. Mu ɗauki dattijo manomi yana dawowa daga gona bayan azahar. Ɗauki takarda da biro ka yi ƙananan zane guda shida, kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, kowanne da tsayuwa daban: wannan yana tafe, wancan ya tsaya gaisawa, wani ya dogara da sanda. Kada ko ɗaya ya wuce minti biyu, kuma babu fuska. Tsayuwar jiki a ido ake koyonta. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ko Juma'a a Wudil, ko Lahadi a Dambatta, za ka ga yadda mai jan sa ke turjewa da diddige, da yadda mai ciniki ke tsugune a kan dugadugansa. Kallo da zana a takarda ya isa; ɗaukar hoton mutane, musamman matan aure, sai da izininsu. Hukuncin zanen abu mai rai kuwa magana ce ta malamai, mai neman natsuwa ya tambaye su, kuma duk matakan nan suna aiki ko da fuskar a rufe aka bar ta.

Wanda ya fi ma'ana cikin shidan, cike shi da baƙi gaba ɗaya. In an gane manomi ne daga surar kawai, to shi ne naka. Ɗauke shi hoto a cikin haske, wayar tana daidai samansa ba a karkace ba, ka shigar da shi manhajar, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 30 cikin ɗari.

Yanzu sai ƙashi. Buɗe sabuwar leya, ɗauki fensir da launin shuɗi. Ana auna tsawon mutum da kansa: babba kai bakwai da rabi ne, yaro ɗan shekara shida wajen kai shida, mai tatata wajen huɗu. Ja gajerun layuka a gefe ka raba tsawon. Rabin tsawon babban mutum yana faɗawa ne a mahaɗar cinyoyi, ba a cibiya ba, kuma nan ne mafi yawa ke kuskure, sai ƙafafu su fito gajeru. Gwiwar hannu tana daidai ƙugu, wuyan hannu daidai mahaɗar cinya, yatsu su kai tsakiyar cinya. Faɗin kafaɗun namiji ya kai faɗin kai biyu zuwa uku. Zana ƙirji kamar ƙwai, kwankwaso kamar ƙaramin akwati, gaɓoɓi layi da ɗan da'ira a kowace mahaɗa.

Daga nan sai ka saki layi a tsaye daga ramin wuya zuwa ƙasa. Dole ya sauka a kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi, ko tsakanin ƙafafu biyun. In ya sauka a waje, mutumin faɗuwa yake yi, kuma babu launin da zai ɓoye wannan. Dattijonmu shekaru sun ɗan ranƙwafar da shi: bayansa ya lanƙwasa daga sama, kai ya yi gaba, gwiwoyi ba su miƙe sosai ba. Fartanya tana rataye a kafaɗa, ruwanta ta baya, ƙotar ta gaba, don haka wannan kafaɗar ta ɗan ɗaga, ɗayar ta sauka. Da mai tallar nono ce, akasin haka za a yi: wuya a miƙe sak, haɓa ba ta sunkuya ba, ƙwarya a kan gammo daidai tsakiyar kai, ƙugu ne ke yin tafiyar. Mai goyo kuma takan ɗan karkato gaba, ƙafafun yaron suna leƙowa ta gefen ƙugunta.

Fuska tana da nata awon. Idanu a tsakiyar kai suke, rabi daga tsakar ka zuwa haɓa. Mai koyo yakan kai su sama har goshi ya ɓace. Tsakanin ido da ido faɗin ido ɗaya ne. Kunne yana farawa daga layin gira ya ƙare a layin ƙasan hanci. Tsufa ba a yawan layi yake ba: kunci ya ɗan faɗa, layi biyu daga gefen hanci zuwa baki, fatar ido ta sauko, shi ke nan. Tsagar fuska kuma asali take nunawa, kowane gida da tasa. In ba ka san ta sosai ba, bar ta, kada ka ƙirƙira.

Sai yanzu za a zo kan kaya, a wata leyar, da jan fensir don ka bambance. Ƙa'idar ɗaya ce: ninki yana tasowa daga inda tufa ta rataya ko ta matse. Rigar gona daga kafaɗu take zubowa, ta tattare a hammata da inda gwiwar hannu ta lanƙwashe. Da yake tsohon yadi ne da ya sha wanki, ninkinsa ƙanana ne masu taushi. Shadda mai sitaci kuwa ninkinta kaɗan ne, manya, masu kaifin kusurwa. In babbar riga ce, hannayenta da ake naɗowa kan kafaɗa su ne ke ba ta fasali, sai dogayen layuka uku ko huɗu su gangaro daga nan. Aikin aska biyu ko aska takwas a ɓangaren hagun mai rigar yake, wajen aljihu, kuma dole ya bi lanƙwasar yadin. In ka zana shi a shimfiɗe, zai fito kamar an manna. Kada ka ce sai ka fitar da kowane zare, sura da ɗan duhun launi sun isa.

Hula da malfa kai ne ke shiga cikinsu, ba a sama suke zaune ba. Bakin hula layi ne mai lanƙwasa da ke zagaya goshi ya ɓace ta bayan kunne. Hijabi ma haka: zana ƙoƙon kai cikakke har ƙeya, sannan ka lulluɓa, ya rataya daga tsakar ka ya sake ratayawa a kafaɗu. Wanda ya tsallake wannan, fuska kawai yake samu a cikin yadi, babu kai a bayanta.

Rage ƙarfin leyoyin nan biyu, ka buɗe ta tawada. Alƙalami baƙi, kaurin fiksel 4 zuwa 6 a shafin A5. Gilashin ƙaramar waya ba ya jin nauyin hannu, don haka layi yakan fito kauri ɗaya, ga rawa. Shiga alamar hannu da ke sama, ka kai Stabilizer, mai hana layi rawa, wajen 6 ko 7, ka kunna Force Fade domin bakin layi ya riƙa sirancewa. In ka kai shi 10, layin zai riƙa biyo ka a makare, kusurwoyi su narke. Ja kowane layi da sauri a tashi ɗaya. In bai yi ba, taɓa gilashin da yatsu biyu ya koma baya, ka sake. Layin waje ya fi na ciki kauri. Kuma kada ka daɗe a janye da hoton kusa, za ka ɓata awa guda a kan kunnen da ba wanda zai gani.

A wannan gaɓar juya zanen, dama ta koma hagu. Ido yakan saba da kuskure, juyawar ce ke tona shi: ido ɗaya ya fi tsawo, haɓa ta karkace. Gyara, sannan ka tabbata ka mayar da shi yadda yake, in ba haka ba aikin riga zai koma dama, mutumin kuma ya miƙa hannun hagu wajen gaisuwa.

Launi a ƙarƙashin leyar tawada yake zama. Fara shafe bayan hoton da ruwan toka, domin a kan fari ƙal kowane launi duhu yake yi wa ido. Kashe tsarin kare ido na wayar, mai sa gilashi ya yi rawaya, kuma ka zauna a inuwa. In ka zuba launi da alamar bokiti ya malale ko'ina, akwai kafa a layinka. Toshe ta ko ka kunna Gap Recognition. In farin zare ya rage a gefen layi, ƙara Expansion zuwa 1 ko 2. Fatarmu ba baƙa ba ce kuma ba toka ba, ruwan ƙasa ce mai ja a ciki. A wajen zaɓen launi, inda aka rubuta R, G, B, gwada ja 110, kore 70, shuɗi 48 ga mai duhu, ko 160, 110, 75 ga mai haske, ka daidaita daga nan. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi sauran jiki haske. Farar riga kuma ba a ba ta fari tsantsa, a sa mata ɗan ruwan madara, ƙasan ta ɗauki jar ƙasar gona.

Inuwa leya ce daban a saman launi: kunna Clipping don kada ta fita waje, mayar da ita Multiply, mai duhunta launin da ke ƙasa ba tare da rufe shi ba, ɗauki shunayya mai duhu, ƙarfi kashi 35 zuwa 45. Inuwar baƙi tana kashe fata, ta mai da ita kamar datti. Zaɓi inda rana take ka tsaya a kai. Bayan azahar tana sama, ta ɗan karkata, saboda haka malfa za ta jefa inuwa har kan hanci, ƙarƙashin haɓa ya yi duhu, haka cikin kowane ninki. Ɗan haske a kan kunci, doron hanci da kafaɗa ya isa. Kada ka manta inuwar ƙasa a gindin ƙafafu, ita ke dasa mutum a kan turba.

Sa sunanka a ƙasa, a wurin da ba za a yanke ba. Fitar da hoton a PNG. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ya bi hanyar hoto matse shi ake yi, layuka su lalace. Ainihin aikin mai leyoyi a cikin manhajar yake zaune, in aka goge ta ko mai gyara ya wanke wayar, ya tafi. Fitar da fayil ɗin IPV ka ajiye a memori ko wata wayar. Wajen bugawa, launi a takarda ya fi na gilashi duhu, musamman fata da shuɗi, don haka ka ƙara wa hoton haske kaɗan, ka sa a buga ƙarami ɗaya ka duba kafin ka biya kuɗin babba.