Darasi na Tara: Shuka da Ƙananan Yara a Makaranta

Yawancin makarantun zango a Kumasi ba su da fili. A Aboabo ko Asawase za ka tarar tsakar makaranta siminti ce, ɗan abin da ya rage kuma wurin wasan yara ne. Wannan bai hana shuka ba. Tsohon buhun shinkafa yana ɗaukar ƙasa, haka bokitin da ya tsage, haka galan ɗin man girki idan an yanka shi biyu. Ledar fiya wata da aka sha aka yar ma ta ishi yaro ɗaya.

Dattawanmu sun san aikin nan. A 1972 gwamnatin Acheampong, shugaban Ghana na lokacin, ta fito da shirin ƙasa ta ciyar da kanta, makarantu da yawa suka yi gonaki, ɗalibai suka riƙe fartanya. Amma ɗan shekara huɗu ko biyar ba a miƙa masa fartanya. Shi dai a ba shi tsiro ɗaya da zai ce nasa ne, kuma wanda zai fito da wuri, tun bai manta da shi ba.

Shi ya sa ake farawa da wake. Ƙwayarsa tana da girman da ƙaramin hannu zai iya riƙewa, kuma cikin kwana uku zuwa biyar ya tsiro. Waken da ake dafawa a gida ya isa, in dai ba mai huji ba ne.

Babba ne zai yanke bakin ledar, ya huda gindinta wuri huɗu da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Sauran aikin na yaro ne. Ya cika ledar da baƙar ƙasa, ya tura yatsa har gaɓa ta biyu, ya jefa ƙwaya biyu, ya rufe. Kada a gyara masa don ya zubar da ƙasa a ƙafa. Ke uwa, ko kai uba, ga inda karatunku zai yi amfani: ku rubuta sunan yaron da ranar shuka a ɗan kwali, ku soke a sanda, ku kafa a ledar.

Ran da waken zai fito, sai ka ga ƙasa ta ɗan tsage, wani abu fari ya leƙo a lanƙwashe. Washegari ya miƙe, yana ɗauke da ɓarin ƙwayar biyu a kansa. Yara ba sa iya jiran wannan rana, wani zai tone nasa tun kwana biyu don ya ga me ake ciki. Duka ba ya maganin haka. A sa wasu ƙwayoyin cikin farar kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, a ajiye a taga, kowa ya ga yadda saiwa ke fara sauka kafin ganye ya fito.

Abin da ya fi kashe shukar yara shi ne yawan ruwa. Kowane yaro yana son ya zuba, kuma sau goma. A huda murfin gorar roba, ita ce abin ban ruwa. A koya musu taɓa ƙasa tukuna: in ta manne a yatsa, yau babu ban ruwa.

Bayan mako biyu leda ta yi wa waken kaɗan, sai a mayar da shi buhu. A nan za a iya ƙara alayyafo, wanda ake fara tsinka cikin wata guda, da ayoyo na miyar tuwon zafi. Kuɓewa tana son kusan wata biyu, kuma irinta ya fi saurin tsirowa in ya kwana a ruwa. Tumatir a bar wa manyan aji, rainonsa ya yi yawa.

Damina biyu muke da ita a Kumasi. Babbar tana kamawa wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar kuma Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya shuka a Satumba zai sami abin nunawa kafin Ranar Manoma, wadda ake yi Juma'ar farko ta Disamba.

A kula da irin da ake sayarwa a ƙunshe a shagon kayan noma. In ka ga an rina shi ja ko kore, magani ne a jikinsa, kada yaro ya taɓa, don hannunsa ba ya nisa da baki. 'Ya'yan zurman da na cinidazugu guba ne, a raba su da wurin. Ba a ban ruwa da ruwan kwata, tunda ganyen ci za a yi. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma ɗanyensa yana ƙone shuka, sai ya kwanta ya ruɓe. Da an gama aiki, kowa ya wanke hannu da sabulu. Awakin unguwa kuwa, ko ba a gaya muku ba kun sani: a ɗora buhunan a kan benci ko a kewaye su.

Ku karanta wannan hira bibbiyu:

"Malama, an kusa hutu, ga hunturu ya shigo. Wa zai riƙa ba shukar nan ruwa?"

"Hajiya, abin da ke damuna ke nan. Kwana huɗu ba ruwa, buhu ya bushe."

"To kowane yaro ya tafi da ledarsa gida mana. Buhunan kuma a kawo mini uku, ina da wuri bayan ɗaki."

"Allah Ya saka da alheri. Sauran zan yi wa maigadi magana."

Aikin gida. Aji ɗaya yana da yara 35, kowanne zai shuka ƙwaya 2. Ƙwaya nawa za a nema? In an shuka alayyafo ranar 15 ga Satumba, a wane wata za a fara tsinka? Rubuta sunan yaronka da ranar yau a kwali, ka zo da shi darasi mai zuwa tare da ledar fiya wata guda biyu da waken da ya cika tafin hannu.