Shawara Kan Bencin da ke Ajiye Kayan Gyaran Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga duk wanda guduma, filaya, sifana da sukudireba suke yawan ɓacewa a gidansa, ina ba shi shawarar ya sa kafinta ya haɗa masa benci mai murfi, wanda samansa wurin zama ne, cikinsa kuma ma'ajiya ce. Tsayin santimita 45 ya wadatar, domin shi ne daidai da kujerar zama, kuma idan aka ɗora soso aka lulluɓe shi da yadi mai kyau, baƙon da ya zauna a falo ba zai taɓa zaton akwai zarto a ƙarƙashinsa ba.

A raba cikin gida uku, a ware ɗaya domin ƙusoshi, waɗanda na fi son a zuba a gwangwanin madara mai murfi. Abin da na fi jaddadawa shi ne ƙafafu: a ɗaga bencin daga ƙasa, saboda danshin damina yana jawo tsatsa, gara kuma tana cin katakon da ya zauna a kan siminti. A riƙa shafa wa ƙarafan ɗan mai, sannan a sa kwaɗo saboda yara.