Kurakuran da ke kashe ƙungiyoyin masu kiwo tun ba su je ko'ina ba

'Yan uwa na gaji da ganin ƙungiya ta taso da ƙarfinta, kafin damina biyu a ce ta watse ana gaba da juna. Kuma matsalolin dai su ne, ba sa canzawa.

Mafi muni shi ne ajiye kuɗin ƙungiya a akawun ɗin mutum ɗaya, wai ai Alhaji mai amana ne. To ba maganar amana ake ba. Ma'ajinmu wallahi ban taɓa zarginsa da ko kwabo ba, amma kuɗin wata da wanda muka harhaɗa don sayen dusa da angurya kafin rani duk suna asusunsa, sai Allah ya yi masa rasuwa, magada suka ce su ba su san da wani kuɗin ƙungiya ba, kuma da gaskiyarsu tunda ba takarda ba shaida. Haka muka shiga rani hannu rabbana, dusa ta yi tsada, ni kaina sai da na karyar da karsanata don in ciyar da sauran. Har gobe abin yana min ciwo. Ku yi rajista, ko da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya) ko da ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiharku, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum 3 masu sa hannu, ba a cire kuɗi sai 2 sun sa. Ni har cewa nake a ɗora alat a wayar wanda ba ya cikin masu sa hannun, kuma ko naira 500 zan bayar sai an ba ni rasit.

Masu cewa neman rasit rashin kunya ne ga dattijo, haba! Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu, kun fi sahabbai yarda da juna ne?

Sai rabon tallafi a ɓoye. Tunda aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024 kowa ya kafa ƙungiya yana jiran rabo. In allurar rigakafin ciwon huhun shanu ta zo ko buhunan abinci, sai shugaba da sakatare su rubuta sunaye da daddare, ka ga ƙanin matar ɗayansu wanda ko akuya ba shi da ita a lis, makiyayin da ke ruga da garke sai dai ya ji labari. Wannan cin amana ne, ku daina kiransa alfarma. A karanta sunaye da babbar murya a taro gaban ardo, a faɗi yawan abin da ya zo kafin a taɓa buhu ko ɗaya.

Shugaban da ke sayar da maganin dabbobi kada ya zauna a zaman da za a yanke wajen wa za a saya, ya fita waje kawai.

Ku rubuta wa'adin shugabanci tun ranar farko, ni shekara 3 nake so. Kada a sa zaɓe lokacin da rabin mambobi sun tafi cin rani da shanu kudu. Matan da ke kiwon awaki da sayar da nono suna biyan kuɗin wata, to a ba su kujera a kwamiti. Sakatare kuma ya sayi littafi mai bango, abin da aka yanke a taro ba a barinsa a WhatsApp.