Yadda za ka riƙe kulorin a suwimin ful mai gishiri kada ruwan ya koma kore

Salam jama'a. Shekara ukku ke nan ina kula da suwimin ful na gidan Yayana nan Gesse, Birnin Kebbi, irin mai gishirin nan. Ranar da anka haɗa shi mai aikin ce muna ya yi ai wanga ba ruwanshi da kulorin, ku dai zuba gishiri ku kwanta. Munka yarda. Sati biyu cikin watan Afrilu munka wayi gari ruwan ya yi kore shar kamar tabkin bayan gari, bango duk santsin gansakuka, yara sun fito da tawul sunka koma ɗaki suna kuka.

To ka fara gane wannan: ful mai gishiri ma kulorin ne ke tsabtace shi. Akwai wani ɗan bututu da ake kira sel, cikinshi farantan ƙarfe, ruwan gishiri na bi ta ciki wutar lantarki na mai da gishirin kulorin. Kuma sel ba ya aiki sai famfon da ke zagaya ruwa na tafiya. In an ɗauke wuta kwana biyu, kwana biyun nan ko ɗigon kulorin bai shiga ruwanka ba, ga rana tana cinye wanda ke ciki. Abin da ya same mu ke nan. Yanzu famfon na kan sola, lokacin zafi ina barin shi awa 10 zuwa 12, da hunturu in rage.

Ka sayi 'yar takardar gwaji ko kwalbar nan mai ruwan ɗigawa. Ka ɗibo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke fesowa, ba daga sama-sama ba. Kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3 ppm (ppm na nufin kashi nawa ne cikin kashi miliyan na ruwa), ni na fi son shi kusa da 3 saboda zafinmu da ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Lokacin nan kullum nake gwadawa bayan la'asar, sauran watanni sau biyu a sati ya isa.

In ka ga ya sauka, don Allah kada ka ruga ka juye buhun gishiri, nan ne mutane ke ɓata abin. Gishiri ba ya bin tururi, ruwa ne ke tashi ya bar shi, sai dai ya ragu in an wanke filta, ko yara sun fantsalar da ruwa, ko ruwan sama na Agusta ya cika ful ya tumbatsa. Yawancin injinan da ke tafiyar da sel na son gishirin tsakanin 2,700 da 3,400 ppm, duba littafin naka. Lissafin ba wuya: kilo ɗaya cikin lita 1,000 shi ne 1,000 ppm. Namu lita 50,000 ne, in ya sauko 2,600 ina son ya koma 3,200, kilo 30 zan zuba. Gishiri tsantsa, banda mai ayodin na miya. Ka kashe sel, ka watsa gishirin ka share shi da buroshi, ka bar famfo ya kwana yana juyawa sannan ka kunna sel. In ya yi yawa kuma ba dabara sai ka zubar da wani ruwan ka ƙara sabo.

Abin da ya fi ba ni wahala kafin in gane shi ne sitabilaiza, wato sayanurik asid. Shi ne laimar kulorin. In babu shi, ranar tsaka ta Kebbi cikin 'yan awoyi za ta cinye mafi yawan abin da sel ya yi, ka ga inji na kan 100, wato iyakar ƙarfinshi, amma takardar gwaji na nuna fari fat. Masu yin injinan da yawa na cewa a riƙe shi 60 zuwa 80 ppm. Ka riƙa sa shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa, don shi ma ba ya fita sai an rage ruwa, kuma in ya wuce kima kulorin ɗin kasala yake yi.

Sai pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya 7.2 zuwa 7.8. A ful mai gishiri hawa yake yi kullum, in ya hau kulorin ya rage kaifi, farar ƙasa ta fara kama farantan sel. Asid ɗin ful ake saukar da shi da shi. Duk wata ukku ka kashe wuta, ka kwance sel ka leƙa da tocila, in ka ga fari-fari kamar cikin tsohuwar butar shayi, fara fesa mishi ruwa da tiyo. In ya ƙi, kashi ɗaya asid kashi huɗu ruwa, ka jiƙa shi 'yan mintuna har kumfa ya tsaya ka ɗauraye. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, ka sa safar hannu da tabarau, a fili, kuma kada ka kankare farantan da wuƙa ko sukundireba, fentin da ke jikinsu shi ne ran sel ɗin.

Ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro su ma cin kulorin suke, ka kwashe su da raga da safe. Ranar da yaran dangi sunka cika ful, kamar yawon Sallah, da magariba ka danna maɓallin ƙarin ƙarfi ya kwana yana aiki. Ni dai ina ajiye bokitin garin kulorin a sito, can nesa da jarkar asid don haɗuwarsu na tada iska mai guba. In inbata ta ba da matsala ko hadari ya rufe rana kwana biyu, sai in narka gwargwadon abin da ke rubuce jikin bokitin in zagaya bakin ful da shi bayan isha'i, ba mai shiga sai na gwada da safe na ga ya dawo 3.